Kogin Kwara da Cikarsa Biyu

Daga cikin al'amuran ajabi da Allah Maɗaukakin Sarki ya shirya a ƙasashenmu akwai sha'anin Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Domin baƙon da ya sauka Yamai a watan Janairu, sa'ad da hunturu ya tsananta, ciyawa ta bushe, aka kwana biyu rabon ƙasa da ɗigon ruwan sama, zai tarar da kogin ya cika ya batse, alhali kuwa ƙoramun karkara tuni sun ƙafe.

Musabbabin haka nisan tafiya ne. Kogin daga duwatsun Gini ya faro, yana da tsawon kimanin kilomita 4,180, kuma ruwan daminar can, idan ya iso ƙasar Mali, sai ya malala cikin fadamu da tafkuna irin su Debo, ya yi ta tafiyar hawainiya, rana ta sha rabonta, laka ta kwanta, ta yadda ba ya isowa Yamai sai bayan watanni, a tace, shi ya sa ake ce masa baƙin ruwa. Amma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwol ke kwararowa da shi daga wajen Burkina Faso, shi ba ya sallama: dare ɗaya yake tasowa, ɗauke da jar ƙasa.

A dā baƙin ruwa shi ne babba. Yanzu, da aka sare itatuwa, ƙasa ta yi tauri ba ta shan ruwa, lamarin ya juya, har a Satumbar 2020 ma'aunin Yamai ya nuna mita 7, jingar kogi ta karye, ruwa ya ci unguwanni irin su Lamorde. Ga shi kuwa wannan kogin ne dai ya tsaya cik a birnin cikin Yunin 1985, saboda fari.

Ni a ganina, fa'idar baƙin ruwa ta fi yawa nesa, ko da yake ba a cika ambatonsa ba, tun da ba ya rushe gida. Da shi manomin shinkafa ke noman rani, a kansa Sarkawan Yawuri ke jefa koma, kuma shi ke tallafa wa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ta ci gaba da ba da lantarki har damina ta kewayo.