Littafi Ɗaya, Kwafi Biyar: Yadda Za Ki Rage Wa Wayarki Nauyi

Wani dare ina bakin aiki a ɗakin yara, aka kawo wata uwa da ɗanta yana zazzaɓi. Muka nemi sakamakon gwajin jinin da aka yi masa a wani asibiti, ta ce mijinta ya turo mata ta WhatsApp. Ta danna, ta sake dannawa, takardar ta ƙi sauka: waya ta cika. Da muka leƙa ma'ajiyar, sai ga littafin girke-girke guda ɗaya har sau biyar, ga littattafan soyayya da na karatun yara kowanne biyu-biyu, uku-uku.

Uwargida, ƙila taki wayar ma haka take. Littafi ɗaya ake turowa a guruf ɗin 'yan makarantarku, a sake turowa a na dangi da na Islamiyya, ke kuma kina saukewa ba ki lura ba. Idan kin ga lamba kamar (1) ko (2) a ƙarshen sunan fayil, yawanci alama ce an sauke shi fiye da sau ɗaya. Littafin rubutu zalla ba shi da nauyi sosai, amma PDF ɗin da aka ɗauki hoton shafukansa yana cin wuri ƙwarai.

Idan wayarki Android ce, buɗe manhajar Files by Google, ki shiga sashen "Clean". Idan akwai maimaici, za ki ga "Duplicate files". Manhajar tana sa wa na asalin alama, sai ki zaɓi sauran ki goge. Abin da kika goge zai zauna a kwandon shara na kwana 30, kuma wurin ba zai dawo miki ba sai kin zubar da kwandon.

Amma fa a yi hattara idan da hannu za ki tantance. Suna ɗaya ba ya nufin abu ɗaya. Ni kaina na taɓa goge cikakken littafin darasin ungozoma da nake bita da shi, na bar wanda ya tsaya a babi na huɗu, don kawai sunansu ɗaya. Sai ana saura kwana biyu jarrabawa na gane. Tun daga ranar, kafin in goge sai na duba abu uku: girman fayil ɗin, yawan shafukansa, da shafin ƙarshe. Idan ɗaya ya bambanta, duka biyun nake bari.

Bayan shara, sai toshe ƙofa. A saitin WhatsApp, shiga "Storage and data", ki hana takardu sauka da kansu. Sannan ki buɗe folda uku: ta makarantar yara, ta addini, ta nishaɗi. Takardun asibiti da katin rigakafi kuwa ki ware musu tasu, ki ajiye kwafinsu a Google Drive. Wannan ne kaɗai maimaicin da nake ba da shawara a yi.

A daren nan, kwafi huɗu na littafin girkin muka goge, sakamakon gwajin ya sauka, likita ya duba. Ki ware minti goma yau bayan yara sun yi barci, kada ki bari sai ranar da kike tsaye a gaban likita.