Ɗan Fashi ko Abokin Gaba?

Idan Bature ya ce da mutum "belligerent", ba yabo ba ne. Yana nufin mai neman rigima, irin wanda ko sallama ka yi masa sai ya zare ido ya ce me kake nufi. Ana faɗar ta ga mashayin da ya tare ƙofa yana zage-zage, ana kuma faɗar ta ga shugaban da jawabinsa duk barazana ce. Tushenta Latin ne, daga kalmar yaƙi, kuma 'yan boko a Nijar sun san 'yar'uwarta ta Faransanci, "belligérant".

A bakin masana dokar yaƙi kuwa, kalmar matsayi ce da masu ɗauke da makamai ke kwaɗayi. Tana nufin ɓangaren da aka yarda yaƙi yake yi, ba fashi ba. In an kama mayaƙinsa, fursunan yaƙi ne. Ba a yi masa shari'ar kisan kai don ya yi harbi a fagen daga. A 1861 Ingila ta bai wa jihohin kudancin ƙasar Amurka da suka ɓalle wannan matsayi, gwamnatin Shugaba Lincoln kuwa ta ji haushi ƙwarai.

A arewacin Nijar, mutanen Gougaram, tsakanin Arlit da Iferouane, sun ga abin da suna ke jawowa. A Fabrairun 2007 ƙungiyar masu ɗauke da makamai ta MNJ, ƙarƙashin Aghali Alambo, ta kai hari Iferouane, tana neman a ba arewa kaso mai tsoka daga kuɗin yuraniyom. Shugaba Tandja Mamadou ko sunan 'yan tawaye ya ƙi ba su, ya ce 'yan fashi ne da masu fataucin ƙwaya. A ganina ba zafin baki ba ne, lissafi ne, domin ba a zaman sulhu da ɗan fashi. A watan Agusta aka kafa dokar ko-ta-kwana a jihar Agadez. Nakiyoyi suka hana motoci bin hanyoyin tsaunukan Ayar, makiyayi ya koma tsoron kai raƙumansa rijiya, ɗan jarida Moussa Kaka ya shafe fiye da shekara a tsare bisa zargin hulɗa da MNJ.

Sai a 2009, da Gaddafi ya shiga tsakani, aka ajiye makamai a Libiya, Tandja ya sa hannu a kan afuwa ga mutanen da ya kira 'yan fashi.