Yadda Ake Ajiye Takardun Fatauci A Google Drive

'Yan'uwa fatake, dukanmu mun san wahalar rashin takarda a hanya. Tirela na tsaye a bakin iyaka, shanu na shan rana, ana neman takardar likitan dabbobi ko ta duwan, ita kuwa an baro ta Maraɗi ko Damagaram. Haka lissafin bashi: in kwamfutar ofis ta mutu, shi ke nan, sai gardama da dillalai. Shi ya sa muka kawo wannan bayani.

Google Drive rumbu ne a intanet. Duk mai adireshin Gmail yana da gigabait 15 kyauta, amma wasiƙunsa da hotunansa ma a nan suke cin wuri.

Da farko a sauko da manhajar Drive ta kwamfuta daga shafin Google kansa, kada a karɓa a hannun kowa. Tsohuwar, mai suna Backup and Sync, an daina aiki da ita tun 2021. Sa'an nan a shiga da adireshin da kalmar sirri. Rumbun zai bayyana cikin kwamfutar, sai a zuba lissafi da hotunan takardu, kowace tafiya da sunanta da kwanan wata.

A wurin saiti akwai zaɓi biyu. Na ɗaya yana barin takardu a intanet, sai an buɗe su suke saukowa. Na biyu yana ajiye kwafi a kwamfuta, kwafi a intanet. Mu da intanet ke yawan yanke mana, na biyun ya fi mana. In aka saka manhajar a waya kuma, takardar da aka ajiye a ofis za a gan ta a Maigatari ko Illela. Sai dai hoto ba ya maye gurbin ta asali, a riƙe ta.

To, ga inda ake faɗawa rami. Abin kamar madubi yake: abin da yaro ya goge a kwamfuta ya gogu a intanet. Yana zama kwandon shara kwana 30, bayan nan ya tafi. Saboda haka duk wata a kwafe lissafi a filash, a adana daban. Adireshi da kalmar sirri kuwa su zama na maigida, da lambar wayarsa, don ran da yaro ya bar aiki kada ya tafi da littafin bashi.

Allah ya ba da kasuwa.