MUDUN DA AKE AUNA MALAMAN JAMI'A DA SHI

Duk shekara, a cikin watan Yuni, wani kamfani mai suna Clarivate, wanda hedkwatarsa take birnin Landan, yakan fitar da rahoto mai ɗauke da sunayen mujallun ilmi fiye da 20,000, kowace da lambar da ta samu a gaban sunanta. Talaka bai san da wannan rahoto ba, jaridu ma ba su cika kula shi ba. Amma a jami'o'in duniya, har da na ƙasar nan, akwai malaman da ƙarin girmansu, da kuɗin binciken da za a ba su, da ƙimarsu a idon abokan aiki, duk suna rataye da irin waɗannan lambobi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun asali ba don auna malamai aka sassaƙa wannan mudu ba. An yi shi ne don a taimaki ma'aikatan laburare su san mujallun da za su saya.

YADDA ABIN YA FARO

Al'adar masana ce idan mutum ya rubuta maƙala ya jera sunayen ayyukan da ya dogara da su a ƙarshenta. Wannan shi ake kira ambato. Ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malamin zaure, domin malaman hadisi tun da daɗewa suke bin isnadi, su san wa ya ji daga wa. Bambancin kawai shi ne, a nan Turawa sun ga cewa ambato abu ne da ake iya ƙidayawa.

A shekarar 1927 wasu masana biyu masu suna Gross, a Kwalejin Pomona ta Jihar Kalifoniya a Amurka, suka fuskanci matsalar da kowane ƙaramin laburare ya sani: mujallu sun yi yawa, kuɗi kuwa kaɗan ne. Sai suka ɗauki fitowar shekara guda ta babbar mujallar ƙungiyar masana kimiyyar harhaɗa sinadarai ta Amurka, suka ƙirga ambato sama da 3,600 da ke cikinta, suka jera mujallun da aka fi ambata, suka ce waɗannan ya kamata kwaleji ta fara saye. A 1934 kuma Samuel Bradford, ma'aikacin laburaren gidan tarihin kimiyya na Landan, ya nuna cewa a kowane fanni mujallu 'yan kaɗan ne suke ɗauke da kaso mai tsoka na maƙalun da suka shafe shi, sauran kuwa sun warwatsu cikin mujallu masu ɗimbin yawa.

Wanda ya mai da wannan tunani sana'a shi ne Eugene Garfield, haifaffen birnin New York a 1925. Dabarar ya aro ta ne daga lauyoyi. Tun 1873 wani mai suna Frank Shepard ya fara buga wa lauyoyin Amurka jerin da ke nuna, ga kowane hukunci, waɗanne shari'o'i ne suka ambace shi daga baya, da kuma ko an tabbatar da shi ko an rushe shi. A 1955 Garfield ya rubuta a mujallar Science cewa masana kimiyya ma suna bukatar irin wannan. Ya kafa cibiyarsa mai suna ISI a birnin Filadalfiya a 1960, a 1964 kuma ya fito da fihirisar da ake kira Science Citation Index, manyan kundaye masu ƙananan haruffa. A da, ɗalibi baya kawai yake iya bi, daga maƙala zuwa waɗanda ta ambata. Da wannan fihirisa sai ya zama yana iya bin gaba, ya ga duk wanda ya ɗora a kan maƙalar, ko ya gyara ta, ko ya ƙaryata ta.

YADDA AKE AWON

Da yake cibiyar ba ta iya tattara mujallun duniya duka, sai Garfield da abokin aikinsa Irving Sher suka ƙirƙiro wani lissafi don zaɓen waɗanda za su shiga. Shi ne ma'aunin tasiri, wanda Turawa ke kira Impact Factor, aka kuma fara buga shi shekara-shekara daga 1975. Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka wata mujalla ta buga maƙalu 200 a shekarun 2021 da 2022, sa'an nan a cikin 2023 aka ambaci waɗannan maƙalu sau 600. Sai a raba 600 gida 200, a sami 3. To, wannan 3 ita ce lambar mujallar ta 2023.

Daga baya harkar ta zama babban ciniki. Kamfanin Thomson ya sayi ISI a 1992, kundayen nan suka koma intanet a 1997 da sunan Web of Science, a 2016 kuma aka sayar da wannan sashe a kan dala miliyan 3,550, shi ne ya zama Clarivate. A 2004 aka sami kishiyoyi biyu. Kamfanin Elsevier na ƙasar Holan ya buɗe rumbun Scopus, kamfanin Google kuma ya buɗe Google Scholar. Na farko, kamar Web of Science, sai jami'a ta biya kuɗi. Na biyu kyauta ne, amma ba ya tsananta tankaɗe da rairaya. Wata ƙungiyar masana ta Sifen mai suna SCImago tana amfani da bayanan Scopus ta kasa mujallun kowane fanni kashi huɗu, daga Q1 na sama zuwa Q4 na ƙasa. A 2005 kuma Jorge Hirsch, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ya kawo ma'aunin "h" na auna mutum ɗaya: wanda ke da 10 yana da maƙalu 10 waɗanda aka ambaci kowace cikinsu aƙalla sau 10.

Ba a raina amfanin waɗannan kayan aiki. Ɗalibin digiri na uku zai gano cikin yini guda abin da a da sai ya yi watanni yana tonon kundaye. Ma'aikacin laburare mai ɗan ƙaramin kasafi zai san inda zai sa kuɗinsa. Matsalar ta taso ne sa'ad da hukumomin jami'o'i suka ga ƙirga lamba ya fi karanta maƙala sauƙi, suka ɗauki mudun mujalla suna auna mutum da shi.

INDA MUDUN YAKE YOYO

Na farko, lambar mujalla matsakaicin lissafi ne, ba ta faɗin kome game da maƙala guda. A 2005 mujallar Nature da kanta ta bayyana cewa kashi 89 cikin 100 na ambaton da ya ba ta lambarta ya fito ne daga kashi 25 cikin 100 na maƙalunta. Watau akasarin maƙalun suna cin albarkacin 'yan kaɗan ne, kamar yadda ƙadangare ke shan ruwan kasko albarkacin kaza.

Na biyu, ambato ba yabo ba ne kullum. Maƙalar da Andrew Wakefield ya buga a mujallar likitoci ta Lancet a 1998, wadda ta jefa wa iyaye tsoron allurar rigakafin ƙyanda, an gano babu gaskiya a cikinta, mujallar ta janye ta a 2010, amma an ambace ta ba adadi, da yawa don a yi tir da ita. Haka kuma maƙalar da binciken Nature na 2014 ya nuna ta fi kowace samun ambato a tarihi, sama da sau 300,000, ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, wadda hanyar auna furotin kawai ta bayyana.

Na uku, shekara biyu ta yi kaɗan ga ilmi. Gregor Mendel ya buga bincikensa kan gadon halitta a 1866, duniya ba ta waiwaye shi ba sai 1900. Fannoni ma ba ɗaya ba ne: likitoci suna ambaton juna da sauri, masana tarihi da harshe kuwa littattafai suka fi rubutawa, aikinsu kuma yakan daɗe kafin a ga tasirinsa. Garfield kansa, wanda ya rasu a 2017, ya kwatanta ma'aunin nasa da makamashin nukiliya, mai amfani kuma mai haɗari, ya kuma sha gargaɗi kan auna mutum da shi.

Da kiɗa ya canza kuwa, rawa ma ta canza. A 2013 aka dakatar da wasu mujallu huɗu na ƙasar Birazil daga jerin saboda sun haɗa baki suna ambaton juna don lambarsu ta hau. Aka kuma sami mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kome, wasu har da lambar tasiri ta ƙarya a shafinsu. Jeffrey Beall, ma'aikacin laburare a Jami'ar Kolorado da ke Denver, ya yi shekaru yana jera sunayensu kafin ya rufe jerin a 2017. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya aika wa mujallu 304 wata maƙalar da ya cika da kurakurai da gangan, 157 suka karɓa. A 2023 kamfanin ɗab'i na Hindawi ya janye maƙalu sama da 8,000, Clarivate kuma ya cire mujallunsa 19 daga rumbunsa.

HALIN DA MALAMIN NIJERIYA YAKE CIKI

Jami'o'i da yawa a ƙasar nan sun sa sharaɗin cewa mai neman zama farfesa sai ya nuna maƙalu a mujallun da ke cikin Scopus ko Web of Science. Niyyar mai kyau ce, domin an gaji da mujallun da ke fitowa sau ɗaya gab da lokacin ƙarin girma su ɓace. Amma mafi yawan mujallun waɗannan rumbuna na Turai da Amurka ne, kuma da Ingilishi ake buga su. Na Afirka kaɗan ne ƙwarai, na Hausa kuwa da wuya a gan su. Malamin da ya ƙare rayuwarsa yana rubutu a irin mujallar Harsunan Nijeriya, wadda cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Kano ta fara bugawa tun farkon shekarun 1970, yana iya zama jigo a fanninsa alhali kwamfuta ba ta san da shi ba.

Akwai kuma batun kuɗi. A 2021 Nature ta sa Yuro 9,500 ga marubucin da ke son kowa ya karanta maƙalarsa kyauta. Ko mujallun da ba su kai haka tsada ba, kuɗinsu ya ƙara nauyi tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Malamin da aka matsa wa, aljihu kuma ya gaza, shi ne mujallun bogi suke farauta.

Illar da ta fi girma ita ce wadda ba a gani. Masanin aikin gona a Samaru da ya duƙufa kan wuta-wuta mai kashe dawa da gero yana yi wa miliyoyin manoma aiki, amma masu ambatonsa a ƙasashen waje ba za su kai na wanda ya bi batun da Turai ke yayi ba. Idan ƙarin girma yana bin ambato, matasan masana za su bi inda ambaton yake, matsalolin gida kuwa su rasa mai duba su.

INA MAFITA?

Masu mudun ma sun fara gyara. A Disambar 2012 ne editoci da masana suka tsara Sanarwar San Francisco, wadda ta nemi a daina amfani da lambar mujalla wajen ɗaukar malami aiki, ko ƙara masa girma, ko ba shi kuɗin bincike. A 2015 aka buga ƙa'idoji goma na Leiden, ciki har da kare binciken da ke amfanar gida. A 2020 ƙasar Sin ta hana jami'o'inta ba da tukuicin kuɗi don buga maƙala kawai. Birazil ta gina rumbun SciELO don mujallun yankinta. A nahiyar nan kuma akwai AJOL, wanda aka fara a 1998, ofishinsa yana Afirka ta Kudu, yana ɗauke da mujallu sama da 500, Nijeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa yawa a cikinsu.

Abin da ya rage na hukumomin jami'o'i ne. Wajibi ne kwamitin ƙarin girma ya karanta aikin malami, ya tambayi abin da ya ƙara wa ilmi da abin da ya amfani jama'a, ya kuma nemi shawarar ma'aikatan laburare, domin su suka fi kowa sanin abin da kowane rumbu ya ƙunsa da abin da ya bari. Ya kamata a tallafa wa mujallun gida su riƙa fitowa a kan kari, su tsananta tantance maƙalu, su sa ayyukansu a intanet inda za a same su. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Laifin na wanda ya ce da ita zai yi ɗiba ne.