Kafin a Ɗora Gadon Inna a Sikelin 'Yan Gwangwan

Da an gama girbin gero da dawa, bukukuwa suka kankama a ƙasar Tambuwal da Kebbe, sai babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Dogon Daji ta nufi Jega ta cika da motocin kayan amare. Ga gado mai faffaɗan allo, ga kabad, ga madubi, duk suna sheƙi cikin leda. A kan wannan hanya kuma wasu motocin ke wucewa shaƙe da tsofaffin ƙarafa, kuma mai lura zai hango ƙafafun gadon ƙarfe sun leƙo ta tsakanin gwangwanaye. Irin gadon da aka kai kakanni ɗaki da shi ne, an auna shi a sikeli an biya kuɗin kilo.

Cinikin nan akwai faɗuwa a cikinsa, ko da ba a kawo zancen tarihi ba. Galibin gadaje da kabad na yayi ba tsagwaron katako ba ne. Garin katako ne da ɓarɓashinsa ake kwaɓawa da gam, a matse a inji, a lulluɓe da takarda ko roba mai zanen itace. Muddin bai ga ruwa ba, yana nan da kyansa. Amma idan rufi ya yi yoyo a watan Agusta, ko danshi ya taso daga daɓe, sai ya kumbura ya fara marmashewa, ƙusoshin su saki, kuma babu kafintan da zai mayar da shi yadda yake. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin allunan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi, uba ya ci bashi ya sayi abin da da wuya ya kai yayen ɗan fari. Gadon ƙarfe mai rumfa kuwa, irin wanda sunan kamfanin Vono ya bi a bakin mutane, mai walda na bakin kasuwa zai gyara shi cikin yini guda.

Ɗakin matar Bahaushe dama ya daɗe yana sauya kama. An yi zamanin gadon kara da gadon ƙasa, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa domin mai jego. An yi zamanin jeren ƙore da faya-faye, tufafi na cikin adudu. Tasoshin tagulla suka zo, sannan kwanonin langa da kwalla masu furanni, waɗanda aka riƙa kawowa daga Turai da Hon Kon kafin a kafa masana'antunsu a Legas da Kano wajen lokacin samun 'yancin kai a 1960. Jeren nan ba ado kaɗai ba ne. Dukiyar mace ce ta ƙashin kanta, idan wata larura ta taso ta ɗauki kwalla biyu ta miƙa wa dillaliya. Shi ya sa har yau dillaliya ta fi kowa sanin gidan da tsohon kaya mai kyau yake, kuma mai nema ya fara da ita, ko ma ya fara da ɗakin kakarsa kafin ya fita waje.

Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa kaya ya yi daraja. A kayan itace, abin tambaya na farko shi ne wace bishiya ce. Maɗaci ja ne, yana da nauyi, yana karɓar goga ya yi santsi. Kirya ta fi shi tauri, da ita ake sassaƙa turmin kirki, maƙera kuma na son gawayinta. Kanya da ƙawo ba sa saurin ba gara kai. Madobiya kuwa, wadda Sinawa ke yin kujerun alfarma da ita, an yi mata saran da ya sa yarjejeniyar duniya ta CITES ta sanya ta cikin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu a 2016, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Wanda ya gaji kujera ko akwatin madobiya yana riƙe da abin da ke neman gagarar mai kuɗi.

Ana gane itacen kirki da hannu fiye da ido. A ɗaga a ji nauyi. A kifa kujerar a duba ƙasanta, inda fenti bai kai ba, nan ainihin launin itacen yake. 'Yar tsugunno ta masassaƙa daga gungume ɗaya ake fitar da ita, babu ƙusa babu haɗi, kuma sawun gizago na nan a cikinta. A aikin kafinta, haɗin da aka huda katako aka zura ɗan'uwansa a ciki ya fi wanda ƙusa kaɗai ta riƙe. A ƙwanƙwasa da yatsa: idan ya yi ƙarar holoƙo, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Ƙananan huji da gari mai laushi a ƙarƙashinsu alama ce ƙwarin suna ciki da ransu, kuma shigar da irin wannan itace cikin ɗaki gayyato su ne zuwa sauran kaya. Tsagewa 'yar kaɗan ba abin tsoro ba ce. Itace na shan danshin damina ya saki a hunturu, wanda ya yi shekara 50 yana jure wannan a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40 ya riga ya gama motsinsa.

Gadon ƙarfe kuma a mahaɗai da ƙafafu ake duba shi. Tsatsar sama tana fita da goga, amma wadda ta huda bututu ta gama da wurin. Wayar gadon da ta lotsa ana cire ta a shimfiɗa katako. Wajen fenti ne ake buƙatar hattara sosai, domin tsofaffin fentin mai da yawa suna ɗauke da dalma. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar dogon bayani a kan gubar dalma bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin ƙurar duwatsun zinariya. Kada a kankare tsohon fenti a bushe a tsakar gida yara na wasa. A jiƙa shi, a yi aikin a waje, a kwashe ɓarɓashin, a shafa sabon fenti ya rufe. Haka langar da ta ɓantale daga ciki, ta koma jere, ta bar ɗaukar abinci. Tasar tagulla da ta yi kore a goge ta da tsamiya ko lemon tsami da toka, amma kada a bar fura ko kunun tsamiya su kwana a ciki.

Babu wanda ya ce amarya ta koma gadon kara. Sabuwar katifa na zama daram a kan tsohon gado, rumfarsa kuma ta ɗauki gidan sauro ba tare da an buga ƙusa a bango ba, abin da ba ƙarami ba ne ga garuruwan da ke kusa da fadama. Akwatin ƙarfe na hana ɓera da gara isa ga zannuwa da littattafai. Akushi ɗaya da tasa biyu a kan kabad na zamani sun isa su nuna daga gidan da yarinya ta fito. Abin da ke hana mutane shi ne tsoron gori, kada dangin miji su zo ganin ɗaki su ce an yi wa 'yarsu jere da kwance. Gorin nan ya jefa iyaye da yawa cikin bashin da bai kamata ba.

Akwai kuma kayan da suka wuce na ɗaki. Dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana cinikinsa da fitar da shi waje sai da izinin hukumar. Tambuwal tsohon ribaɗi ne tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, saboda haka ba abin mamaki ba ne a tarar da tsohuwar ƙofa, ko sirdi, ko gafakar littafi a gidajen sarauta da na malamai na yankin. Idan baƙo ya zo yana tayin irin waɗannan da kuɗi mai tsoka, gara iyali su fara kai maganar Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Tarihin Kanta na Argungu da aka buɗe a 1958, inda ake da masu iya duba kayan su faɗi zamaninsa, a kuma rubuta sunan gidan da ya fito.