Ladi Kwali: Maginiyar Da Ke Bayan Naira Ashirin

In ka karɓi canjin naira ashirin a kasuwar Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, daure ka juya bayanta. Matar nan da ke ginin tulu ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda aka haifa a garin Kwali wajen shekarar 1925.

Tun tana yarinya ta koyi gini a gida, irin na iyayenmu mata, wato a murza yumɓu a riƙa ɗorawa da hannu. Kafin tulu ya bushe sai ta zana masa kunama, ko ƙadangare, ko kifi. Kyan aikinta ya sa Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara tulunanta a fada. A can ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su.

A 1954 ta shiga makarantar gini da Cardew ya buɗe a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. Ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da faifan juya yumɓu, ta yi kwanuka da kofuna na tangaran, amma ba ta yar da zanen gidansu ba. Aka nuna kayanta a London, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

To, ga abin lura. Randar gida tana sanyaya ruwa ne domin tana tsattsafo, iska na busawa. Tulunan da Ladi ta shafa wa ruwan ƙyalli aka gasa da wuta mai tsanani sun daina tsattsafo, sun yi nauyi, sun yi tsada, suka koma kayan ado a ɗakunan masu hali. Sunanta ya zaga duniya, amma tulun ya bar gindin rijiya.

Yau roba ta cika gidajenmu, maginan karkara kuwa 'ya'yansu na gudun sana'ar. Hannun da ya kai Ladi London irinsa ne ke kasa randuna a bakin kasuwarmu. Jama'a, in mun je saye, mu rage taya su da wulaƙanci.