Tsofaffin robo masu haɗuwa da mutum-mutumin zamani: wanne ya fi amfani ga yaro?

A shekara ta 1974 aka soma nuna wani majigin zane a tele ta ƙasar Japon, sunansa Getter Robo. A cikinsa jiragen sama uku ne suke karo da juna a sararin samaniya, su manne, su zama ƙaton mutum-mutumin ƙarfe guda, watau abin da ake kira robo. In aka sāke jerin jiragen sai wani robo dabam ya fito. Yara suka so abin ƙwarai. Amma da masu ƙera kayan wasa suka tashi fitar da shi, sai suka tarar ba ya ƙeruwa, domin mai zane ya yi abin da alƙalami ya yarda da shi, ƙarfe kuwa bai yarda ba: hannu ya tsiro inda babu wurin ɓoye hannu, ƙafa ta miƙe daga cikin fiffike. Dole aka sayar da jiragen dabam, robo dabam.

Daga nan kamfanin Popy, wani reshe na Bandai, ya koyi darasi. Ya riƙa sa hannu cikin zanen tun kafin a fara majigin, don kada a nuna wa yaro abin da ba zai iya yi da hannunsa ba. A 1976 aka fito da Combattler V, injuna biyar masu haɗuwa su ba da robo guda, a tele da kuma a tsakar gida. A 1977 Voltes V ya biyo. A 1981 aka yi GoLion, wanda Amurka ta sani tun 1984 da sunan Voltron: zakoki biyar, baƙi shi ne kai da gangar jiki, ja da kore su ne hannuwa, shuɗi da rawaya su ne ƙafafu. Masu karatun faransanci sun fi sanin ɗan'uwansu Goldorak, wanda aka soma nunawa a Faransa ran 3 ga Yuli 1978, ko da yake shi shiga yake yi cikin faifan jirginsa kawai.

Shekaru arba'in da ɗoriya sun wuce. Kantunan duniya sun cika da wani irin abin wasa, mutum-mutumi mai gaɓoɓi, wanda ake lanƙwasawa kamar mai rai. Masu tara irin waɗannan kaya suna ta gardama a kan wanne ya fi. Gardamar ta shafi uban da zai fidda kuɗinsa ran jajibirin salla, ta kuma shafi ma'aikacin da ke duba kayan da ake shigowa da su.

Abin da aka fi yabon tsofaffin da shi, nauyi ne. Popy ya sa wa jerin kayansa suna Chogokin tun 1974, yana zuba su da narkakken ƙarfe wanda yawancinsa tutiya ce, da ɗan sanholo da jan ƙarfe. Yaro in ya ɗauka sai ya ji sanyi da nauyi a tafinsa, ya tabbata injin ne ya riƙe. Haɗawar kuma ba ta da wuya. A naɗe ƙafafun zaki, a tura shi cikin ramin da aka tanada, a ji ya ce ƙas, shi ke nan. Ɗan shekara shida yakan koya a yini ɗaya, ya kuma koya wa ƙanensa. Abin wasa guda ya zama biyar, biyar su koma guda; in abokai sun zo kowa ya ɗauki zakinsa, babu mai kuka.

Kamfanin Takara ya bi wata hanya da jerinsa mai suna Diaclone, wanda Hasbro na Amurka ya saya ya shigar cikin Transformers a 1984. Shekara guda bayan haka aka fito da Devastator, motocin aikin gini shida, kore da shunayya: katafila, tifa, mai kwaɓa siminti, mai haƙa, mai kwasa, da mai ƙugiyar ɗaga kaya. Kowace mota tana iya zama ƙaramin robo, su shida kuma su haɗu su zama babba. A 1986 aka ƙara wata dabara wadda ta fi duka wayo. Aka yi babba guda a tsakiya, ƙanana huɗu kewaye da shi, kawunan ƙananan kuwa duka girmansu ɗaya, su ne turakun da ake cusawa. Saboda haka hannu yana iya komawa ƙafa, ƙafar wannan ƙungiya kuma ta shiga jikin waccan. Yaron da bai sami cikon biyar ba yana iya aro wurin maƙwabci.

To amma a tsayar da tsohon robo kusa da na yau, nan take aibinsa ya bayyana: sandararre ne. Devastator na 1985 yana ɗaga hannu daga kafaɗa, ƙafafunsa kuwa ba su motsi ko kaɗan. Masu tara kayan suna kiran irinsa tubali, kuma ba su yi ƙarya ba. Dalilin a fili yake. Ƙafar da za ta zama mota ba ta da wurin gwiwa, kuma gwiwar da za ta ɗauki nauyin ƙarfe huɗu a bisanta, in ta lanƙwashe, duka ginin ya kife. Masu ƙira na wancan zamani suka zaɓi tsayuwa, suka bar motsi. Ga kuma matsalar ɓatan gutsattsari. Kan Devastator da ƙirjinsa da damatsansa duka ƴan guntaye ne da ake liƙawa daga waje. Guda ya faɗa cikin rairayi, ƙato ya zama musaki.

Shi mutum-mutumi mai gaɓoɓi asalinsa dabam ne. A 1964 Hasbro ya fito da G.I. Joe, sojan roba mai tsawon santimita 30, ya ƙi kiransa ƴar tsana don kada ƴan maza su guje shi. Na Star Wars da kamfanin Kenner ya yi a 1978 ba su kai santimita 10 ba, gaɓoɓinsu biyar: wuya, kafaɗu, cinyoyi. Daga 2002, da jerin Marvel Legends, gaɓoɓi suka kai talatin har suka wuce. A Japon kuma Figma da S.H.Figuarts suka fito a 2008. Irin waɗannan suna durƙusawa, suna tanƙwashe ƙafa, ana cire musu tafin hannu a sa wani, har fuska ana sākewa. Wajen kama da hoton da aka gani a tele, tsofaffin ba su ko kusa.

Sai dai a tambaya: don wa aka yi su? A jikin kwalin da yawa daga cikin na Japon an rubuta shekara 15 zuwa sama. Yaran 1980 ne suka girma suka sami albashi, kamfanoni kuma suka bi su. Bandai ya buɗe jerin Soul of Chogokin a 1997 musamman dominsu. GoLion ɗin da ya sāke ƙerawa a ƙarshen 2016 yana haɗuwa kamar na dā, yana kuma lanƙwasa gwiwa da gwiwar hannu, domin an sa masa gaɓoɓi masu haƙora da ke riƙe nauyi. Kuɗinsa sa'ad da ya fito yen 30,000 ne, wajen jikka 160 na sefa a canjin lokacin. Ba a miƙa wa ɗan lakkol irin wannan. Wurinsa akwatin gilashi, mai shi ya fiddo shi sau ɗaya a wata, da takardar bayani a gefensa, yana juya kowane gutsure a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Siraran gaɓoɓin nan, in an matsa musu, karyewa suke yi. In an yawaita juya su kuma sai su saki, mutum-mutumin ya kāsa tsayuwa.

Wanda aka yi don yara kuwa, an rage masa jiki. Devastator na 2015 ya kai santimita 45, ya ninka tsohon tsawo, yana motsa ƙafa da hannu, amma roba ce zalla, wurare da yawa kuma hoho ne a ciki don a rage tsada. Abin lura shi ne, a wannan shekarar Hasbro ya koma ga dabarar 1986, ta babba guda da ƙanana huɗu masu musayar wuri, bai sāke kome cikin tushenta ba sai ƙarin gaɓoɓi. Kamfanin Lego ma ya fitar da Voltron a 2018, gutsure 2,321, zakokin nan biyar dai, kowane a mazauninsa na 1981. Ƙirar da ake ta komawa gare ta bayan shekaru talatin, da wuya a ce ta tsufa. Wajen wasa, watau abin da hannun yaro da hankalinsa suke samu, tsohon tsari ya fi. Ba banza ba yaran Maradi da Damagaram da suke ƙera mota da waya da gwangwani suke sa mata ƙofa mai buɗewa: abin da ake kwancewa a ɗaura ya fi riƙe yaro bisa ga abin da ake kallo.

A wuri ɗaya ne na dā suka faɗi warwas, shi ne lafiya. Da yawansu suna harba ƴan harsasai na roba da ƙarfin naɗaɗɗiyar waya. A ƙarshen 1978 wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu a Amurka bayan harsashin wani jirgin wasa ya maƙale masa a maƙogwaro, abin da ya sa aka tsananta doka a kan irin waɗannan. A 1986 kuma aka janye zakokin Voltron da kamfanin Matchbox ya sayar a Amurka, saboda an sami darma cikin fentinsu. Mutanen wannan yanki ba su bukatar a gaya musu illar darma ga yara, tun abin da ya faru a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Tun 2009 dokar Amurka ba ta yarda darma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fentin kayan yara ba. Amma dokar tana kama kayan da suka bi ta hannun masu bincike ne. Jabun da ake kwaikwayo daga tsofaffin ƙirori, marar sunan kamfani, marar alamar shekaru, wanda shi ne ya fi isowa teburin ɗan kasuwa, ba wanda ya auna fentinsa.

Ƙarkon tsofaffin ma a yi masa adalci. Waɗanda ake gani yau su ne suka tsira. Dubbai sun tafi juji ba wanda ya ƙirga su. Tutiyar da aka zuba da datti a cikinta takan kumbura ta tsattsage da kanta. Wata roba mai ruwan zinariya da aka yi amfani da ita wajen ƙarshen shekarun 1980 takan ruɓe ta farfashe ko ba a taɓa ta ba. Farar roba takan koma rawaya in rana ta doke ta, takardun liƙi su ɓare, tayoyi su tsage. Na zamani su ma suna da nasu ciwon: roba mai taushi da ake yi musu hannu da fuska da ita takan fitar da maiƙo ta yi danƙo in an rufe ta cikin zafi, ƙafa kuma ta karkace. A ɗakin kwano cikin watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40, wannan yakan faru tun kafin a buɗe kwalin.